Ambaliya ta ci dukiya, amma an ce tattalin arziki ya bunƙasa: yaya lissafin yake?

Tambaya: A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta share gonaki da gadoji. Da shekara ta ƙare kuma sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3.1 cikin ɗari. Na ma ji wani yana cewa bala'i yakan bunƙasa tattalin arziki saboda aikin sake gini. Shin alƙaluman ne na ƙarya, ko asarar ce ba ta kai yadda ake faɗa ba?

Amsa: Malam, ba sai ɗaya ya zama ƙarya ba. Abu biyu ne daban ake aunawa, kowanne da mudunsa.

Ɗauki makiyayi mai shanu 50. Shanun su ne dukiyarsa. Nonon da ake tatsa kullum a kai kasuwa, shi ne abin da dukiyar ke haifarwa. Ma'aunin da ake kira GDP, wanda da shi ake cewa tattalin arziki ya ƙaru ko ya ragu, nono yake ƙirgawa, ba shanu ba. Jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa ne a shekara guda. Gidajen da ke tsaye, hanyoyi, gadoji, injina, rumbunan da aka cika bara, duk ba sa cikinsa, domin an riga an ƙirga su a shekarar da aka yi su. Ranar da ruwa ya tafi da gada, babu wurin da ake cire darajarta daga GDP. A tsarin lissafin ƙasa da duniya ke bi, irin wannan asara tana shiga wani shafi ne daban, na canjin yawan kadarori, shafin da ba a karanta shi a labaran rediyo. Abin da kawai ke taɓa GDP shi ne nonon da ya ragu: shinkafar da ba a girbe ba, motar da ba ta yi lodi ba, injin niƙan da ya kwana wata biyu ba a tayar ba.

Yanzu sa alƙaluman 2022 a kan wannan sikeli. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar da ambaliyar ta yi kai tsaye tsakanin dala biliyan 3.8 da biliyan 9.1, matsakaicin ƙiyasin kuma kusan biliyan 6.7. Kuɗi ne mai yawa, amma bai kai kashi 2 cikin ɗari na abin da Najeriya ke samarwa a shekara ba, kuma mafi yawansa shanu ne, ba nono ba. Noma kusan rubu'in tattalin arzikin ƙasar ne, ambaliyar kuma ba dukkan noma ta ci ba. Ta fi yin ta'adi a bakin Kogin Kwara da Binuwai, da kwarin Haɗejia, da yankin Neja Delta. A wannan shekarar harkar sadarwa da bankuna da kasuwanci sun ci gaba da haɓaka a Legas da Abuja da Kano. Idan aka haɗa aka raba, sai jimilla ta fito da ƙari, ko da kuwa a wasu ƙauyukan Jigawa da Kogi da Bayelsa babu abin da ya rage sai kayan jiki. Irin haka ta faru a 2012. Binciken da gwamnati ta yi tare da hukumomin duniya ya sa ɓarna da asara a kan naira tiriliyan 2.6, kimanin dala biliyan 16.9, mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, amma tattalin arzikin ya ƙaru da sama da kashi 4 a shekarar.

Sai dai tambayar da ta dace ba ita ce "ya ƙaru ko bai ƙaru ba". Ita ce: da nawa zai ƙaru da ambaliyar ba ta zo ba? Wancan bincike na 2012 ya ƙiyasta cewa ruwan ya zaftare kusan kashi 1.4 daga GDP. Wannan giɓi shi ne asarar, kuma ba ya bayyana a sanarwar hukuma, domin hukuma abin da ya faru take aunawa, ba abin da ya kamata ya faru ba. A ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da sama da kashi 2 kowace shekara, zaftare kashi ɗaya da ɗoriya daga bunƙasar kashi 3 ko 4 yana nufin rabon kowane mutum ya tsaya cik.

Maganar cewa bala'i na bunƙasa tattalin arziki kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a lissafinta, amma ruɗi ne a ma'anarta. Gadar da ta karye ba a cire ta daga GDP ba, amma idan aka zo sake gina ta, siminti da rodi da tsakuwa da ladan birkila da lebura da ribar ɗan kwangila duk za su shiga a matsayin sabon aiki. Shekara ɗaya ko biyu bayan bala'i sai ka ga ɓangaren gine-gine ya yi tsalle, faɗuwar wani ta zama tashin wani. Amma kuɗin da aka sake gadar da shi ba daga sama ya faɗo ba. Da shi za a gina asibiti ko a ja wutar lantarki zuwa wani gari. Da ruwan bai zo ba, da ƙasa tana da gada da asibiti. Yanzu gada kawai take da ita, ga bashi a kai. Wani masanin tattalin arziki ɗan Faransa, Frédéric Bastiat, ya yi wannan bayani tun 1850 da misalin tagar gilashi da yaro ya fasa: mai gyaran taga ya samu aiki, kowa ya gani, amma mai takalmin da za a sayi takalminsa da wannan kuɗi ya rasa ciniki, ba wanda ya gani.

Akwai kuma wani ruɗin lissafi da ke biyo bayan fari musamman. Mu ƙaddara ƙasa tana samar da 100, tana ƙaruwa da kashi 4 a shekara. Fari ya zo ta faɗi da kashi 10, ta koma 90. Baɗi damina ta yi kyau ta tashi da kashi 10, ta kai 99. Jaridu za su ce an samu gagarumar bunƙasa. Alhali da ba a yi farin ba, da tana kan 108 da ɗoriya. Saurin gudu daban, inda mutum ya kai daban. Ƙasashen Sahel sun sha ganin irin wannan tsalle a takarda bayan shekarar yunwa.

Inda ainihin lamarin yake shi ne abin da ke faruwa da mai dukiyar bayan ruwa ya janye, kuma a nan ne asarar shekara ɗaya ke zama ta shekara goma. Mu ɗauki misalin manomi a kwarin Haɗejia, wajen Auyo ko Kafin Hausa, mai hekta biyu na shinkafa, yana sa ran buhu 60 na shanshera. Ya ci bashin taki da maganin ciyawa a kan zai biya da kaka. Farkon Satumba, shinkafa ta yi ciki, ruwa ya ɓalle ya shanye gonar. Shinkafa tana jure nutsewa na 'yan kwanaki, amma irin da aka saba shukawa idan ya wuce mako guda a ƙarƙashin ruwa ruɓewa yake yi. Buhu 60 sun tafi, kuma wannan ne kaɗai ɓangaren da GDP zai gani. Katangar gidansa ta ƙasa ce, ta jiƙe daga tushe ta zube, rumbu ya bi ta da geron bara da irin da ya ware. Mai bashi bai yafe ba. Abin da ya rage mai daraja shi ne shanun huɗa guda biyu, sai ya kai su kasuwa. Matsalar ita ce duk ƙauyukan yankin a wannan makon suke kai nasu, don haka dabba ta faɗi warwas, hatsi kuma ya tashi, tunda kowa shi yake nema. Ya sayar da arha, ya saya da tsada. Damina ta zagayo ba shi da shanu, ba shi da iri mai kyau, ba mai ba shi taki bashi. Ya noma hekta ɗaya da fartanya, ya samu buhu 15 ko 20. Babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi cirani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa na cikin ya ƙare. Ba za a rubuta wannan ragowar buhu 40 ta shekara ta biyu da ta uku a matsayin asarar ambaliya ba. Za ta ɓace ne cikin abin da ake kira raunin ɓangaren noma.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. Binciken da aka yi a ƙauyukan Habasha ya nuna cewa gidajen da yunwar 1984 zuwa 1985 ta fi buga wa sun ci gaba da zama a baya har cikin shekarun 1990. A Zimbabuwe an bi sawun yaran da farin 1982 zuwa 1984 ya same su suna ƙanana, aka tarar sun girma sun fi tsaransu gajarta da 'yan santimita, sun kuma yi ƙarancin shekaru a makaranta. Yaron da tamowa ta tsumbure kafin ya cika shekara biyu da wuya ya cike giɓin daga baya, kuma giɓin yana bin sa har cikin abin da zai iya samu idan ya zama magidanci. A ganina wannan ita ce hanya mafi muni da bala'i ke cin tattalin arziki, kuma ita ce ba a taɓa sa wa farashi a rahoton ɓarna. Ko rufe makaranta ma asara ce ta wannan fanni. A 2024 Nijar ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliya ta rusa azuzuwa, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a ciki.

Shi ya sa darajar kadarar da ta lalace ba ta nuna zafin asara. Idan ruwa ya shiga wani katafaren gida a Lekki, ɓarnarsa a naira za ta iya fin ta ƙauye guda na gidajen ƙasa. Mai gidan zai gyara daga ajiyarsa, ba zai rage abincin 'ya'yansa ba. Wani rahoton Bankin Duniya da ya auna abin ta fuskar cin yau da kullum, ba ta fuskar kadara ba, ya ƙiyasta cewa bala'o'i na jawo wa duniya asarar da ta kai dala biliyan 520 a shekara, suna kuma jefa mutum miliyan 26 cikin talauci duk shekara.

To, yaushe ne bala'i ke karya bunƙasar ƙasa baki ɗaya har a gani a alƙaluma? Abu na farko girman ɓarnar ne idan aka gwada da girman ƙasar, ba yawan dalolin ba. A 2010 an yi girgizar ƙasa biyu, tsakaninsu mako shida da 'yan kwanaki. Ta Haiti a ranar 12 ga Janairu mai ƙarfin maki 7.0 ce, ta Chile a ranar 27 ga Fabrairu mai maki 8.8, wato ta ninka ta farko ƙarfi sau ɗaruruwa. A Chile mutum ɗari biyar da 'yan kai suka rasu, ɓarna ta kai dala biliyan 30, kusan kashi 18 na GDP, tattalin arzikin kuma ya ƙaru da sama da kashi 5 a shekarar. A Haiti gwamnati ta ce sama da mutum dubu 200 suka mutu, ɓarna da asara dala biliyan 7.8 ne kacal, amma wannan ya kai kashi 120 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, tattalin arzikin ya durƙushe. Girgizar ta faɗa ne a kan babban birni, ta rusa fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu, ta kashe ma'aikatan da ya kamata su jagoranci sake ginin. Japan ta yi asarar kusan yen tiriliyan 17 a girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 2011, fiye da dala biliyan 200, amma bai wuce kashi 3 zuwa 4 na GDP ɗinta ba. Tsibirin Dominika da ke yankin Karibiyan kuwa, guguwar Maria ta 2017 ta yi masa ɓarnar dala biliyan 1.3, wadda ta kai kashi 226 na GDP. Babbar ƙasa tana da wani yanki da bala'in bai taɓa ba, wanda zai ciyar da wanda aka taɓa. Ƙaramar ƙasa ba ta da wannan gata.

Na biyu shi ne irin bala'in, kuma a nan ne Nijar da Najeriya suka bambanta. Girgizar ƙasa da guguwa shanu suke kashewa, wato gine-gine da injina. Fari kuwa ba ya rusa ko katanga ɗaya. Nono yake ƙafarwa kai tsaye, sannan ya bi garken da kansa. Don haka shi ne bala'in da ya fi fitowa ƙarara a GDP na ƙasar da ta dogara da noman damina. Noma da kiwo sun kai kusan kashi 40 na tattalin arzikin Nijar. A alƙaluman Bankin Duniya, tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi 17 a 1973, ya sake faɗuwa da kusan haka a 1984. Babu ambaliyar da ta taɓa yi wa Najeriya kwatankwacin wannan. Garke kuma ba ya dawowa da damina ɗaya: saniya sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari, ba kuma kowace shekara take haihuwa ba, don haka makiyayin da ya rasa rabin shanunsa yana bukatar shekaru masu yawa kafin ya mayar, idan wani farin bai riske shi a hanya ba. Farin 1973 har siyasa ya taɓa. Yadda aka tafiyar da agajin abinci na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a Afrilun 1974.

Ambaliya ita ce mai fuska biyu. Matsakaiciya, wadda ke zuwa a lokacinta ta janye a lokacinta, alheri ce ga fadama: tana barin laka da danshi, tana cika tafkuna da kifi, tana ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa yadda mai noman rani zai same shi a kusa. Dausayin Haɗejia da Nguru da wannan ruwa yake rayuwa. Wannan ne ya sa wasu bincike da suka haɗa ƙasashe da yawa suka ga kamar ambaliya na tafiya tare da ƙaruwar noma. Shekarar ambaliya ai shekarar ruwan sama ce, gonakin tudu suna cin moriyarta. Amma wannan riba tana ɓacewa idan ruwan ya wuce kima, ko ya zo shinkafa na gab da nuna, ko ya kwanta ya ƙi tafiya saboda ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa.

Na uku shi ne inda ɓarnar ta faɗa. Akwai kadarar da idan ta lalace mai ita kaɗai ke kuka, akwai wadda rabin ƙasa ke bi ta kanta. Lokoja irin wannan wuri ne. A 2012 da 2022 ruwa ya hau hanyar Abuja zuwa Lokoja, tankokin mai da tirelolin abinci suka yi kwanaki a tsaye, layin mai ya dawo Abuja, tumatir da albasa da ke gangarawa kudu suka ruɓe a mota. Kwaltar da ta lalace ba ta da wani tsada idan aka gwada da cinikin da ya tsaya. A Oktoban 2022 kamfanin iskar gas na NLNG ya sanar cewa ba zai iya cika alƙawuran kwangilarsa ba saboda ruwa ya hana masu kawo masa gas aiki. A Tailan, ambaliyar 2011 ta shanye rukunan masana'antu kusa da Bankok, Bankin Duniya ya sa asarar a kan dala biliyan 46.5, bunƙasar shekarar ta kusa zama sifili, farashin ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo a duk duniya. Wani lokacin kuma cinikin da ya gudu ba ya dawowa. Tashar jiragen ruwa ta Kobe da ke Japan tana cikin manya shida na duniya wajen kwantena kafin girgizar ƙasar 1995. An gyara ta cikin kimanin shekara biyu, amma jiragen sun riga sun saba da Busan ta Koriya ta Kudu da wasu tashoshi, ba ta sake komawa matsayinta ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wajena, shi ne wa zai biya kuɗin gyara, kuma cikin wata nawa. Injin da ya lalace aka maye shi cikin wata uku, asarar wata uku aka yi. Idan sai bayan shekara biyar, asarar shekara biyar ce, ga ma'aikata sun watse, ga masu saye sun koma wani wuri. Wani bincike na BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe da ke Basel ta Suwizalan, a 2012 ya gano cewa ɓarnar da ba ta da inshora ita ce ke jawo raguwar tattalin arziki mai ɗorewa, wadda ke da inshora kuwa tasirinta kaɗan ne. Chile ta shiga 2010 da asusun ajiya daga kuɗin tagulla, bashinta kaɗan, kamfanonin inshora na waje suka biya biliyoyin daloli, ta kuma ɗaga harajin kamfanoni na ɗan lokaci daga kashi 17 zuwa 20. A Najeriya kuɗin inshora gaba ɗaya bai kai kashi 1 na GDP ba. Akwai hukumar inshorar noma ta NAIC tun 1987, amma yawanci manomin da ya ci bashin banki ko na shirin gwamnati ne ke shiga, shi ma don an wajabta masa. Saura kuwa inshorarsu ita ce dangi, da adashi, da akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, kuma duk waɗannan suna aiki ne idan gida ɗaya abin ya sama. Idan gari guda ne ya nutse, wanda za ka roƙa shi ma roƙo yake.

Gwamnati ma haka take. Bala'i yana rage mata haraji a daidai lokacin da yake ƙara mata kashe kuɗi. Hanya uku ce gabanta: ta karkatar da kuɗin manyan ayyuka zuwa agaji, ta ci bashi, ko ta jira masu ba da tallafi. Ta farko tana cin bunƙasar gobe. Ta biyu ta danganta da yawan bashin da ke kanta tun farko. Pakistan ta shiga ambaliyar 2022 da bashi har wuya da ƙarancin kuɗin waje. Ɓarna ta kai dala biliyan 14.9, asarar samarwa biliyan 15.2, mutum miliyan 33 abin ya shafa, bunƙasar da ta kai kusan kashi 6 a shekarar da ta gabata ta koma sifili. Ba ruwan kaɗai ya yi wannan ba, ya tarar da bango a tsage ne. Ta uku kuwa alƙawari ne da ke zuwa a makare, wani ma ba ya zuwa. Saboda wannan jinkiri aka ƙirƙiro inshorar ƙasashe mai biya bisa ma'aunin ruwan sama ko ƙarfin iska, ba sai an je an ƙirga ɓarna ba. A farkon 2015 asusun ARC na Tarayyar Afirka ya biya Senegal da Muritaniya da Nijar kimanin dala miliyan 26 bayan ƙarancin ruwan 2014, rabon Nijar miliyan 3.5. Kuɗin ba shi da yawa, amfaninsa saurin zuwa, kafin a kai shanun huɗa kasuwa. Aibinsa kuma shi ne ma'aunin tauraron ɗan'adam yakan ce ruwa ya wadata alhali gona ta bushe, a ƙi biya.

Masana ba su zama baki ɗaya ba a kan tasirin dogon lokaci, kuma ya kamata ka san hakan. Wani bincike na 2002 ya ga ƙasashen da ke yawan fama da bala'in yanayi sun fi saurin bunƙasa, ya danganta hakan da sabunta injina da zuba jari a ilimi. Wani na 2013 ya ce sai bala'i mafi girma ne ke barin tabo, kuma a misalan da tabon ya fito, juyin juya hali ne ya biyo baya, kamar Nikaraguwa bayan girgizar 1972 da Iran bayan ta 1978. Masu bincike Solomon Hsiang da Amir Jina kuwa, a 2014, sun bi sawun guguwar teku kusan 6,700 daga 1950 zuwa 2008 ta hanyar auna ƙarfin iskar kanta, suka tarar ƙasar da babbar guguwa ta buga tana nan ƙasa da inda ya kamata ta kai da kusan kashi 7 ko bayan shekara 20. Na fi karkata ga wannan na ƙarshe saboda dalili ɗaya: binciken da ya dogara da rahoton asara a dala yana da lam'a, domin ƙasa mai arziki ta fi kayan da za su lalace, ta kuma fi iya rubuta abin da ya lalace. Iska kuwa ba ta san mai kuɗi ba. Zancen cewa bala'i dama ce ta sabunta kaya yana tabbata ne inda akwai kuɗi da lokaci da tsari. Wanda ruwa ya rusa wa ɗaki a Satumba, da ƙasar wurin zai sake ɗora shi a wurin, kafin sanyi ya shigo.

Alaƙar kuma tana tafiya ta ɗaya ɓangaren: bunƙasa da kanta tana canza yawan asara. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ƙirga bala'o'in yanayi sama da 11,000 daga 1970 zuwa 2019, mutum miliyan 2 suka mutu, asara dala tiriliyan 3.64. A tsawon wannan lokaci asarar kuɗi ta ninka kusan sau bakwai, mace-mace kuwa sun ragu kusan sau uku, kuma sama da kashi 90 na mamatan a ƙasashe masu tasowa suke. Babban dalilin hauhawar asarar kuɗi shi ne an tara dukiya da jama'a a hanyar ruwa da bakin teku, sauyin yanayi kuma yana ƙara wa wutar fetur. Raguwar mutuwa kuwa daga gargaɗi da mafaka take. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum dubu 300 a yankin da ya zama Bangaladash, ta 1991 kusan dubu 138, ta 2007 'yan dubbai. Matakin da ya fi haɗari shi ne na tsakiya, inda birni ke faɗaɗa da gudu amma magudanan ruwa da dokar gini ba su biyo shi ba: a cike kududdufi a yanka filaye, a yi gini a kan hanyar ruwa, kwalbati ta cika da leda. Yawancin biranenmu a wannan mataki suke. Ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024 ta ƙara nuna wani ɓangaren: kadarar da ba a kula da gyaranta ita kanta bala'i ce mai jiran rana.

Idan rahoton asara ya zo hannunka, fara da raba ɓarnar kadara da asarar samarwa, kada ka haɗa su ka gwada da bunƙasar shekara. Haɗa su ma yana da haɗarin ƙirga abu ɗaya sau biyu, tunda darajar injin niƙa ai ita ce darajar niƙan da zai yi nan gaba. Duba ko farashin da aka sa na sabon gini ne ko na tsohon da ya rushe, domin tazarar tana da yawa. Raba adadin da GDP na jihar da abin ya shafa, ba na ƙasa kaɗai ba. Sannan ka bar jimillar GDP ka bi abubuwan da ke nuna halin gidaje: farashin buhun gero da masara a Dawanau ko Maraɗi idan aka gwada da farashin akuya, yawan yaran da ake kaiwa cibiyoyin tamowa, rajistar makarantu a zangon da ya biyo baya, da kason kasafin manyan ayyuka da aka karkatar. Hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 23 a ƙarshen 2022. Ba ambaliya kaɗai ta jawo ba, amma ta nan ne wanda ke Sakkwato ko Enugu, da ruwa bai taɓa ƙofarsa ba, ya biya nasa kason.

Ta fuskar kashe kuɗi kuwa, lissafin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa gina hanya ko layin wuta ko bututun ruwa yadda zai jure bala'i yana ƙara kusan kashi 3 ne a kan kuɗin aikin, kuma kowace dala ɗaya da aka ƙara tana tsare asarar kusan dala 4. A matakin gona, irin shinkafa na FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Najeriya a 2017 suna jure nutsewa har kusan mako biyu. Hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya tana fitar da hasashen ambaliya da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari tun kafin damina ta kankama. Madatsar Lagdo ta Kamaru tana aiki tun 1982, ta Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare ruwan da take saki kuwa har yau ba a gina ta ba. Matsalar duk waɗannan a siyasance ita ce ribarsu ba ta fitowa a GDP: gadar da ba ta karye ba babu wanda zai ƙirga ta, wadda ta karye aka sake ginawa kuwa za ta shiga lissafin bunƙasa, a kuma yanka mata kyalle.